Daraktan da Yake Yi wa Idonsa Fenti

Ku yarda ko kar ku yarda, ni nan na ga mutumin da ya so ya yaudari idonsa, kuma ranar ba ta taɓa fita a raina ba. Kun san na daɗe a ɗakin awo na sashen ido har na kai babban nas. Idanun da na auna, in aka jera su, sai su kai Rigachikun su dawo.

Akwai wani Alhaji, tsohon darakta da ya yi ritaya, mai hawan jinin ido. Ga sababbin ma'aikatanmu, ga abin da ake nufi: ruwan cikin ido ne ke taruwa ya matse jijiyar gani, ta riƙa mutuwa a hankali, ba zafi ba ƙaiƙayi. Maganin ɗigawa ke rage ruwan, amma kullum ne, safe da yamma. Idon hagun Alhaji ya riga ya tafi, na dama kaɗai ya rage.

Duk zuwansa, awon matsin ido sai ya fito tas, kamar na jariri. Amma faɗin ganinsa kullum raguwa yake, har likitarmu ta rasa gane kansa. Shi kuwa sai ya gyara babbar riga ya ce, "Malam nas, ma'aikata guda fa na riƙe. Ni za a koya wa bin ƙa'ida?"

Wata Talata ya shigo da Hajiyarsa, yana tangaɗi, gumi sharkaf. Na kama hannunsa, na ji bugun zuciya kamar agogon da batirinsa ya kusa mutuwa. Irin maganinsa in ya yi yawa yakan gangara ta hanci ya shiga jini, ya rage bugun zuciya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗigo nawa aka sa yau?"

"Ɗaya, yadda aka rubuta."

Hajiya ta buɗe jaka, ta zube min kwalabe biyar a tebur, huɗu ko buɗe su ba a yi ba. Ashe bawan Allah ba ya taɓa magani sai ana jibi ranar asibiti! Wannan karon kuma ya sha'afa, sai a mota ya tuna, tun daga unguwar Kinkinau yake tsiyaya wa ido kamar mai ban ruwan alayyahu.

Muka kwantar da shi har zuciya ta daidaita. Likita ta gaya masa ganin da ya tafi ya tafi ke nan, ɗan sauran kuma yana hannunsa. Ni dai tun ranar, komai kyan awo, sai na ga kwalba nake yarda.

Gogan naku ya ɗago kai, wai shi mai hujja: "Amma ai takardu sun nuna komai daidai."

Hajiya ta tattara kwalabenta ta ce, "Alhaji, ka ƙare aikinka kana sa a yi wa ofis fenti ranar da manya za su zo. To ido ba ofis ba ne, makanta ba ta karanta fayil!"