Gidan da Alhaji ya so ya kwance ya tafi da shi

Na yi shekaru ina aikin zane a wani ƙaramin kamfani da ke gabashin Lyon, wanda ba ya gina komai sai gidajen katako. Mai kamfanin Bafaranshe ne, kafinta tun yana saurayi. Shi da mutanensa ke sassaƙa, ni kuma ina gaban kwamfuta ina fitar da siffar gida, ina lissafin nauyin da kowane ginshiƙi zai ɗauka. A lokacin ina zaune a Vaulx-en-Velin, bas ɗaya ke kai ni bakin aiki.

Wata safiya maigidana ya ce wata mata mai aiki a kantin magani a Bron ta sami fili a wani ƙauye kusa da mu, tana son a gina wa iyayenta gida. Iyayen suna Paris, kuma mutanen Nijar ne. Tunda ni ɗan Damagaram ne, ya ce ni zan je.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, daga can na kama na Sevran, wani gari a gefen birnin, inda iyayen suke. Suna zaune a saman wani dogon bene, na'urar hawa ta lalace, sai da na taka matakala. Alhaji mutumin Maraɗi ne, siriri, ya yi rayuwarsa yana gyaran injinan wanki a wani asibiti har ya ajiye aiki. Muka daɗe muna gaisawa. Ya tambayi unguwarmu, ya tambayi mahaifina, Hajiya ta kawo shinkafa da miya ta ce ba maganar aiki sai na ci.

Da muka gama, Alhaji ya ba ni labarin wani shiri da ya gani a talabijin. An kwance wani tsohon rumbun katako gaba ɗaya, an loda a mota, an sake tayar da shi a wani gari. Tun ranar abin bai bar ransa ba. Yana da fili a Maraɗi, ya kewaye shi da katanga tun da daɗewa, bai taɓa aza bulo a ciki ba.

"Irin wannan nake so," in ji shi. "Mu zauna kusa da yarinyar nan na ɗan lokaci. Ranar da na tashi komawa, a kwance mini shi in tafi da abina."

Na gaya masa ƙashin gidan zai kwantu, in aka haɗa shi ba da ƙarfe ba: a sassaƙa wa wannan katako harshe, a fafe wa wancan rami, a zura, a buga ƙusar itace ta riƙe su. Amma bango da rufi da wayoyin wuta ba za su bi shi ba. Na yi masa maganar gara, da zafin Maraɗi da zai tsattsaga itacen da ya girma cikin sanyi, da rufi mai tsini da aka yi don ƙanƙara. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya ji, duk da haka a yi. Ya ƙara sharaɗi guda: kada wani katako ya wuce tsawon ƙaramar kwantena, don ita ce ya san ana iya kaiwa har ƙofar filinsa.

Hajiya kuwa, sai da ta rako ni bakin matakala ta ce ɗakin kwana ya kasance a ƙasa saboda gwiwoyinta, falo kuma ya haɗe da wurin girki, mai faɗi, yadda za ta riƙa ganin jikoki tana aiki. Ta faɗi haka da murya ta yau da kullum, ƙofa a buɗe, Alhaji yana ji.

Maigidana ya yi murna da aikin. Ya daɗe yana neman wanda zai bar shi ya yi gida irin na da, ba faranti na ƙarfe, ba dogayen ƙusoshi. Ya zaɓi ɗanyen itacen da Faransawa ke kira shen, mai nauyi da tauri. Ni nawa aikin ya fi wuya, don buƙatun biyu ba su zauna wuri ɗaya ba. Falon da Hajiya ke so ya fi tsawon kwantenar Alhaji. In katako ɗaya ba zai ƙetare ɗakin ba, dole a haɗa biyu, kuma dole a sa ginshiƙi ƙarƙashin mahaɗar. Na juya zanen ta kowace fuska, ginshiƙin yana dawowa tsakiyar falo. A ƙarshe na bar shi a nan, na aika wa ƴarsu. Ita ta amince, ta kai takardu ofishin magajin gari, aka ba da izini bayan sun sa mun sauya launin rufi.

Ban san ba ta nuna wa mahaifiyarta zanen da kyau ba sai ranar da suka zo ganin katakai. An shimfiɗa ƙashin gidan a ƙasa cikin babban ɗakin aikinmu, ana gwada kowace mahaɗa kafin a kai fili. Kafintoci suna sara wa kowane katako alama da kurfi, don a san wanda ke shiga wane. Alhaji ya sunkuya yana ɗaukar hoton alamomin ɗaya bayan ɗaya da wayarsa, maigidana yana bin sa yana bayani. Hajiya ta tsaya kan wani katako mai kauri ta tambaye ni wurinsa. Na nuna mata a zane.

Ta kira mijinta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Alhaji, itace za ka dasa mini a tsakiyar ɗaki?"

Ya ce saboda kwantena ne.

"To, ka ji tun yanzu. Ni ba inda zan je. Ƴaƴana suna nan, likitana yana nan. In ka kwance gidan, ka bar mini ɗakin kwana."

Alhaji ya mayar da wayarsa aljihu. Ƴarsu ta shiga duba agogo. Maigidana ba ya jin Hausa, ya tambaye ni ko akwai matsala, na ce ana shawara ne. Na ce musu har yanzu ana iya cire ginshiƙin, a sa dogon katako guda, sai dai wannan ba zai shiga kwantena ba. Na jira. Ba wanda ya ce a cire, ba wanda ya ce a bari. Hajiya ta koma tambayar inda tagar wurin girki za ta kalla. Da suka tafi, na bar zanen yadda yake.

Aka zuba kankare a farkon bazara. Ƙafafun ginshiƙai kaɗai na ɗaure da ƙarfe, shi ma irin wanda ake warwarewa. Ranar tayar da ƙashin gidan an yi yayyafi, injin ɗaga kaya ya makara, kafintoci suka zauna cikin mota suna shan kofi. Da ya iso aiki ya tafi da sauri. Katako yana lilo a sama, mutum biyu su kama shi su daidaita harshe da rami, a buga da babbar guduma ta itace. Kafin la'asar gidan ya tsaya, ana hango gonakin masara ta cikinsa. Kafintocin suna da al'adar ɗaure reshe mai ganye a ƙololuwa, suka yi. Hajiya ta zo da dambu cikin manyan kwanoni, suka ci a tsaye.

Maigidana ya miƙa wa Alhaji guduma ya buga ƙusar ƙarshe. Ya buga a hankali, ya bar kanta a waje yadda za a iya zare ta. Bayan sun tafi wani kafinta ya zo wucewa, ya gan ta, ya ƙarasa ta da bugu mai ƙarfi, ya yanke abin da ya saura.

Sun tare kafin sanyi. Da aka kunna na'urar ɗumama ɗaki, Hajiya ta kira ni ta ce gidan yana ƙara kamar ana harbi, kuma katakai sun fara tsagewa. Na je. Na duba ko'ina, na gaya mata ɗanyen itace haka yake yi in yana bushewa, tsagar ba ta rage masa ƙarfi, za ta kuma tsaya da kanta. Alhaji ya ja ni gefe ya tambayi ƙusoshin. Na gaya masa gaskiya: itacen yana bushewa yana murɗewa a kansu, nan gaba ba za su fita da guduma ba, sai an huda su ɗaya-ɗaya an sassaƙa sababbi. Aiki ne mai yiwuwa, amma sai da kafinta irin namu. Ya gyaɗa kai, ya ce in tsaya mu yi sallar magariba tare. Muka yi, na kama hanya.

Daga baya na bar kamfanin, na koma wani ofishi a cikin Lyon inda ake zana makarantu. Bara na haɗu da Hajiya a tashar taram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, a Bron, ta ɗauko ƙaramar jikarta daga makaranta. Muka gaisa. Ta ce Alhaji yana Maraɗi. Yanzu duk shekara in sanyi ya shigo sai ya tafi, ya sauka gidan ƙaninsa, in zafi ya fara tsanani ya dawo. Ita tana nan. Lafiyarsa ƙalau, sai ido da ya fara ba shi wahala.

Ta tambaye ni ko ana iya ƙara ɗaki ta bayan gidan, don ƙanwarta tana son zuwa ta daɗe. Na ce ana iyawa, bangon baya ba ya ɗauke da nauyi, amma sai an sake neman izini. Na ce ta sa ƴarta ta kira tsohon maigidana. Taram ɗinsu ya iso, yarinyar ta ja ta da hannu suka shiga, ni na tsaya jiran nawa.