Inda Inna Take Shanya Kuɓewa

Duk shekarun da na yi ina aikin safiyo, ina auna filayen mutane, ba abin da na ƙware a kai kamar gano inda nake tsaye. Dabarar ba wuya. Ka nemi abubuwa uku da ka san mazauninsu, ka auna kowanne da kamfas, ka ja layi daga kowanne zuwa inda kake. Inda layukan suka haɗu, nan ne wurinka. Layi biyu ma suna haɗuwa, amma na ukun shi ne shaida.

Da na yi ritaya na dawo unguwarmu Kabara, na tarar an daɗe da sayar da gidanmu. An rushe shi tare da na maƙwabta, an ta da bene mai shaguna. Ban yi rigima da kowa ba. Abu ɗaya nake so, in san daidai inda ɗakin Inna mahaifiyata yake, don ta rasu ba na gari.

A kan soron ɗakin take shanya kuɓewa. Daga can ana hango Goron Dutse da Dala da wani dogon dabino a wajen Shahuci. Ina sabon ma'aikaci na taɓa hawa na auna su don burga, tana daga ƙasa tana faɗa, wai in sauko kafin in burma mata rufi da ilimina. Har yau lambobin suna kaina.

Wata mai ɗinki a saman benen ta bar ni na shiga barandarta. Ga Goron Dutse, ga Dala. Dabino kuwa babu alamarsa. Na yi ta matsawa har lambobi biyu suka yi daidai a gefen tankin ruwa.

"Baba, ka samu?" in ji ta.

"Na samu, Malama, amma ba shaida."

"To a tambayi tsofaffin unguwa mana."

Na shiga tuno su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya rasu, waccan ta rasu, wancan ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Kaɗaici ya rufe ni, irin wanda ko a daji ban taɓa ji ba. Ashe tsohon unguwar da za a tambaya ni ne.

Ta kawo mini kujera. Na zauna a gefen tankin har aka kira la'asar, ban sani ba ko a kan ɗakin Inna nake ko a kan na maƙwabta.