Gizo-gizon Bayan Rumbu

Duk mutanen gidanmu a Mabai ba su fahimci zancen tsuntsun nan ba, ni kuma na gaji da jinsa. Wai da akwai wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji da ke kuka a kan ɗorawar bakin rafi in damina ta matso, murya kamar sarewa. Tun kafin a haife ni ya ƙare ƙaf. Baba ya ce ƙarshen zamani ne. Wane ƙarshen zamani? Su suka sare ɗorawar suka yi gawayi, tsuntsu ya rasa wurin sheƙa.

Da shi ake kwatanta yayata, don in tana waƙar daka har maƙwabta kan leƙo. Ni kuwa gizo-gizo ake ce mani. Ga ni 'yar firit, kuma tunda na gama sakandare kullum ina bayan rumbu da kwarashi ina saƙa.

Da yayata ta haihu, na ce rigar da na saƙa jaririn zai sa ran suna, a ga aikina. Ana jibi suna, saura hannu ɗaya, na dawo daga rijiya na iske Goggo, ƙanwar Baba, ta warware rigar tana yi wa mai jego kitso da zaren.

"Goggo, rigar jaririn ce fa!"

"To, kan uwarsa na sa, ai duk gida ne. Ke gizo-gizo, in an share yanarki ba sai ki sake wata ba?"

Mata suka kwashe da dariya. Na koma bayan rumbu ina huci. Da safen nan aka bi gefen jinka da tsintsiya, aka share yana, amma ga ɗan gizo-gizon da ke wurin, bai kai ƙwayar dawa ba, har ya ja zarensa ya fara zagaye. Tsuntsun da ake ta yabo, bishiyarsa aka taɓa ya ɓace. Wannan kullum sai an rusa masa ɗaki.

Na ɗauki kwarashi. Ko tuwo a tsaye na ci.

Ran suna aka fito da yaro cikin riga shuɗiya mai farin baki. Wata Hajiya daga Yankara ta riƙa juya wuyan rigar tana neman tambarin kanti.

"A ina aka sayo wannan?"

Goggo ta yi caraf ta ce, "Ɗiyarmu ce ta saƙa."

Ɗiyarmu fa, yau.

Ran kasuwar Yankara mai zuwa zan hau mota da jakar hulunan da na saƙa, in sayar. Zarena kuwa daga yau a akwati zai zauna, da kwaɗo.