Rigar Baba a Rugar Yashe

Jiya na ga yara suna jan kare da igiya yana turjewa, sai Baba ya faɗo mini a rai.

Shekarar da Nasara suka kwashe samarin garinmu Kafin Soli zuwa aikin hanya, kura ta addabi awakinmu. Baba ya roƙi wani Bafulatani a Yashe ɗan kwikwiyo da ya riga ya tasa. Ya kafa wa kwikwiyon 'yar bukka a gefen rumbu, sannan ya tuɓe tsohuwar rigarsa mai warin gumi da hayaƙi, ya ce a kai ruga.

Na ce, "Baba, bari in wanke ta mana."

Ya ce, "A'a, ɗiyata. Kwikwiyon da ya yi wayo ba a jan shi. Ya kwana a kanta tukuna, ya san ni."

Kafin a kawo shi, zazzaɓi ya ɗauke Baba. Ranar da Bafulatanin ya zo, karen ya wuce mu duka yana sunsune-sunsune, ya kwanta a bakin ɗakin Baba yana jiran mai riga.

Allah ya jiƙan ka, Baba, ya sa ka tarar da masu jiranka a can.