Akwatin Tace Ruwa da Na Yi wa Kulu

Wata Juma'a ce cikin daminar shekarar da aka samu 'yancin kai, ana saukowa daga masallaci na faɗo gida da gudu, riƙe da gwangwani, 'yan kifin gargaza uku na watsal-watsal a ciki. A gulbi na kamo su, can wajen Dundaye, da rigata na yi koma. Ƙanwata Kulu na zaune kan tabarmarta a gindin durumi, inda take wuni tun da shan inna ya cinye mata ƙafafu biyu. Ba ta taɓa ganin kifi da rai ba, sai busasshe a miya. Na juye su a wata ƙatuwar kwalbar alewa da Baba ya samo a kanti. Kulu ta kafa musu ido har ƙuda suka cika furar da ke hannunta. Can ta ce, "Yaya, ashe ba su ruhe ido?" Ta yi dariya irin wadda na daɗe ban ji ba, ni kuwa na ɗau alkawari a raina ba za ta sake rasa kifi ba.

Kwana uku ruwan ya koma kamar kunu, kifayen suka juya ciki sama. Na kamo wasu, su ma haka. Inna ta ce wahalar banza nake, amma ni taurin kai gadonmu ne. Na lura in ruwan gulbi ya yi jawur, maƙwabtanmu kan tace shi da yashi da gawayi a fasasshen tulu, sai na ce kifin Kulu ma abin da suke so ke nan.

Kawu Labbo, ƙanen Inna, maƙerin gwangwani ne a bakin kasuwa, mai yin fitilar aci-balbal da mazurari. A cikin tarkacensa akwai wani faifan roba fari tas kamar gilashi, wanda ya ciro daga tagar wata matacciyar motar Bature. Shi na nace wa in yi akwatin tacewa da shi, don Kulu ta riƙa ganin yadda ruwan ke sauka. Kawu ya ce, "Wanga abu ba ya hwashewa, bari in huda maka." Ya ɗora ƙusa ya buga guduma yadda yake yi wa gwangwani. Faifan ya tsage tun daga wannan baki har wancan. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "To, ɗauki abinka."

Da rabin da ya tsira na yi aiki, ni kaɗai a zaure. Na gano in ka yi gaggawa da zarto robar narkewa take ta riƙe haƙoran, sai a hankali, kana zuba ruwa. Na gano ƙusar da aka gasa a garwashi tana ratsa ta salin-alin, sai dai wari mai hawa kai. Na goge bakunan a kan dutse har yatsuna suka sale. Na liƙe kusurwoyin da ƙaron da malaminmu ke haɗa tawada da shi, ruwa na taɓa shi ya saki. Daga nan na ɗebo kwaltar da Kawu ke like bokiti da ita, na narka, na shafe ciki da waje. Wannan kam ta kama, ko ɗigo ba ya fita sai ta hudojin ƙasa. Na jera tsakuwa, yashi da gawayi, na ɗora akwatin a bakin kwalba.

Aikin ya zama na Kulu. Ina makaranta tana ɗibar ruwan kwalbar da ludayi tana zubawa a sama, yana tsiyayowa garau. Har mata ke shigowa kallo. Amma kifayen ba su daina mutuwa ba. Na ƙara gawayi, na wanke yashi, na sake wurin ɗibar ruwa, duk a banza. Kowanne ya mutu Kulu kan tona rami da cokali a gefen tabarma ta rufe shi. Da kaka ta yi, na shigo da sabon gwangwani, ba ta ko miƙo hannu ba. Ta ce, "Yaya, bari kawo su. Can gulbi tahiyarsu sukai. Nan sai su zamna wuri guda awa ni, su mutu." Na fita bayan gida na yi kuka. Ƙyanda ta ɗauke ta bayan shekara biyu.

Sai da na girma, wani mai kiwon kifi da nake ba labarin ya ce ai kwalta guba ce gare su. Ashe akwatin da na sale yatsu a kansa shi ke kashe su, ita kuma da hannunta take zuba musu ruwan. Yau a Sakkwato ana sayar da gidan kifi da injinsa na tace ruwa, yara na wucewa ba su ko waiwaye. Ni in na hango shi sai na tsallaka titi. Na san maganin yanzu, ba ni da wadda zan kai wa.