Katin da Ya Shige Hannun Rigar Yaya

Na yi shekaru masu yawa ina aiki a gidan talabijin, kuma yawancin ranakun sun gauraye mini a ka, ba na iya bambance wannan da waccan. Amma akwai wata Asabar a Kwanar Dangora da ba za ta taɓa fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

A farkon shekarun casa'in ne. Aikina a lokacin shi ne zama a cikin motar watsa shiri, gabana ƙananan akwatunan talabijin a jere, kowanne yana nuna abin da kyamara ɗaya take gani. Ni nake zaɓar hoton da zai tafi gidajen mutane. In na danna maɓalli, abin da jama'a za su gani ke nan. Abin da ban danna ba, kamar bai faru ba ne.

Asalina mutumin wajen Bebeji ne. Ina ƙarami ruwan Tiga ya cinye garinmu, aka tashe mu zuwa sabon matsuguni. Mu biyu ne maza a ɗakinmu, ni da Yaya, wanda ya girme ni da shekara tara. Shi ya shiga kwalekwale ya koyi kamun kifi, ni aka bar ni a makaranta. Da na samu aiki a birni sai zuwa gida ya fara yi mini wuya. In na je, ana shimfiɗa mini tabarma daban kamar baƙo, hira ta mutu da zarar na zauna. In na koma birni kuma, ɗaki ɗaya nake haya, ba mata, ba abokin kirki, sai rediyo. Haka na saba da zama ni kaɗai har na daina jin wani abu ne.

A shekarar ne gidan talabijin ɗinmu ya shirya gasar karta tsakanin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. An yi ta surutu a kan ko caca ce, har aka fito aka bayyana cewa ba wanda zai zuba ko sisi, kyauta ce kawai za a ba gwani: injin ban ruwa sabo fil. Kowace ƙaramar hukuma ta fitar da gwaninta ba tare da mun je ba. Zagayen ƙarshe kaɗai za mu nuna kai tsaye.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Kowa yana riƙe da katunansa a ɓoye, ana jefawa ɗaya bayan ɗaya, wanda ba shi da abin da ya dace sai ya ja daga tulin tsakiya. Wanda ya riga ƙarar da na hannunsa shi ya ci. Abin da ya sa shirin ya yi armashi shi ne mun kafa kyamara a bayan kafaɗar kowane ɗan wasa, don masu kallo a gida su ga abin da kowa ya riƙe. Saboda haka aka hana kunna talabijin a kusa da filin, ni kuma aka kafa mini doka: in na shiga mota, alƙalin wasa zai rufe ni ta waje, ba fita sai an tashi. Furodusa yana waje tare da mai sharhi. Mai kula da sauti yana can bayan motar, katako ya raba mu. Ni kaɗai ne a duk garin nake ganin hannun kowa.

Bayan azahar aka rufe ƙofa. Ina gwada kyamarori, sai ta biyu ta hasko mutum huɗu suna zama a kan darduma a ƙarƙashin rumfa. Na ƙura wa na ukun ido. Yaya ne, sanye da babbar rigarsa shuɗiya ta zuwa Idi. Ban san ya shiga gasar ba. Rabona da gida ya kusa shekara, ba wanda ya aiko mini, ni ma ban tambaya ba.

Na san abin da ya kawo shi. Kifi ya ja baya, Yaya ya koma noman albasa a wani ɗan fili a gefen ruwa, da jigo yake ɗebo ruwa tun asuba har rana ta take. Da mai kyamara ya matso da hoton hannunsa, na ga tafin duk ya faffashe. Na ji kamar in buga ƙofa in ce a buɗe ni in gaishe shi. Sai furodusa ya ce a kunnena saura minti ɗaya, na gyara zama.

Wasa ya yi wasa, biyu suka fita. Ya rage Yaya da wani dattijo Bafillace daga wajen Falgore, siriri, mai farin gemu, wanda ba ya gaggawar komai. Kafin ya jefa kati sai ya dube shi kamar mai duba saniyar da zai saya. Jama'a sun cika filin har kan motocin da ke tasha.

Ana dab da la'asar suka shiga hannun ƙarshe. Dattijon yana da kati uku, Yaya yana da biyu, sai aka tilasta wa Yaya ya ja biyu daga tuli. A daidai lokacin hoton da ke tafiya gidajen mutane fuskar dattijon ce. Wata tirela ta danna hon a bakin titi, alƙali ya waiga. Ni kuwa idona yana kan akwati na huɗu, kyamarar da ke ƙasa ta gefe. Na ga Yaya ya haɗe katunansa wuri guda, ya kai hannu kamar zai gyara rigarsa a kafaɗa, kati ɗaya ya zame ya shige cikin hannun rigar. Abin bai kai ƙiftawar ido biyu ba.

Mai kyamara ta huɗu ya yi magana a kunnena, ƙasa-ƙasa. Bai san alaƙata da mutumin ba.

"Oga, ka ga abin da na gani? Ga gefen katin nan yana leƙowa. In matso?"

Yatsana yana kan maɓallinsa. Da na danna, da jihar nan gaba ɗaya ta ga katin a cikin rigar Yaya. Da matarsa ta ji, da 'ya'yansa sun ji a makaranta, da mahaifiyarmu ba ta sake ɗaga kai a gidan biki ba. Kuma ba dannawar ce kaɗai hanya ba. Ina iya gaya wa furodusa a kunne ya tsayar da wasan a ce na'ura ta samu matsala. Wannan dabarar ba ta zo mini ba sai bayan kwanaki, ko kuma ta zo na ƙi kallonta, har yau ban tabbata ba.

Na ce, "Bar shi. Ja baya ka ba ni jama'a."

Ya ce, "To, Oga."

Na ci gaba da riƙe fuskar dattijon a hoton da ke tafiya gidajen mutane. Saboda haka ne na ga idonsa ya sauka kan hannun rigar Yaya, ya ɗan tsaya, ya dawo kan katunansa. Sai da komai ya lafa na nuna hannun Yaya: kati uku, duk masu kyau. Ba wanda ya ƙirga. Cikin 'yan mintuna ya jefa na ƙarshe, filin ya ɗauki sowa, mutanen Bebeji suka ɗaga shi sama. Ni na zaɓi hotunan murnar, ɗaya bayan ɗaya, a cikin motar da ba a jin komai sai ƙugin janareta. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba.

Da aka buɗe ni, na tarar ana ɗora injin a bayan a-kori-kura. Yaya ya hango ni, ya tsaya cak.

"Kai ne a cikin motar?"

"Ni ne, Yaya. Barka da arziki."

Ya dubi motar, ya dubi kyamarorin da ake naɗe wayoyinsu. Ya ce, "Ba za ka biyo mu gida ba? Inna za ta so ganinka."

Na ce aiki bai ƙare ba, sai na mayar da kaya birni. Bai matsa ba. Ina ganin ma sauƙi ya ji.

Na yi sallar la'asar a makare a masallacin tasha. Da na fito sai ga dattijon zaune a kan benci, sandarsa a tsakanin gwiwoyi, yana jiran motar Doguwa. Ba kowa tare da shi. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Kai ne wanda aka kulle a mota? An ce kana ganin komai."

"Haka ne, Baffa."

"To, mu biyu ke nan."

Na tambaye shi ko dama ba ya bukatar injin, ina fatan ya ce eh.

Ya ce, "Ina bukata mana. Yarana sun fara lambu a bakin rafi, da bokiti suke ɗiba. Saboda su na zo. Amma na tsufa da tsiraita magidanci a gaban garinsu." Ya dube ni. "Ni dalilina ke nan. Kai fa, ɗana?"

Na ce, "Yayana ne."

Ya jinjina kai a hankali. "Ashe naka ya fi nawa nauyi."

Motarsa ta zo, na riƙe masa sanda ya hau. Ban tambayi sunan rugarsu ba.

Injin ya yi wa Yaya amfani. Ya faɗaɗa gona, ya rufe ɗakunansa da kwano. Duk shekara sai ya aiko mini da buhun albasa ta hannun direba, ba saƙon baki, ba wasiƙa. Ni kuma in rabar wa maƙwabta. In na je gida, sai mu gaisa mu yi maganar damina da lafiyar Inna, kowa ya nemi abin da zai tashe shi. Da can nisan wuri ne tsakaninmu. Yanzu ko muna kan tabarma ɗaya ba ma iya haɗa ido. Mai kyamarar nan ma bai sake tayar da zancen ba, amma ya daina zama kusa da ni wajen cin abinci.

Shekara bakwai muka yi a haka. Bayan rasuwar Inna, ranar sadakar uku da safe, Yaya ya ce in raka shi gona. Muka tsaya a bakin ruwa, injin yana gefe an lulluɓe shi da buhu. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ka gani ranar nan, ko?"

"Na gani, Yaya."

"Na sani. Tun da ka fito daga motar na sani." Ya share fuska da tafin hannu. "Kullum ka zo sai in ce yau zai yi mini magana. Ko zagina ne ka yi, da na samu wanda zan gaya wa. Sai ka gaishe ni ka tafi."

Na ce, "Na ɗauka rufa maka asiri nake yi."

"A gaban mutane ka rufa mini, Allah Ya saka. Amma da muka rage mu biyu fa?"

A satin muka hau babur ɗinsa muka nufi Falgore, ya ce zai nemi gafarar dattijon, ya kai wa yaransa injin. Muka yini muna bin hanyoyin daji daga ruga zuwa ruga, ba mu da suna, sai kwatancen farin gemu da gasar karta. Da yamma wata tsohuwa mai tallan nono ta gane shi. Ta ce ya rasu shekara biyu da suka wuce, yaransa kuma sun bar lambun sun yi kudu da shanu, ba ta san inda suka sauka ba. Yaya ya zauna a kan wani dutse ya yi ta kuka, ni ina tsaye riƙe da babur.

Daga baya ya ba wasu maƙwabtansa injin suna amfani da shi kyauta, da niyyar ladan ya kai ga dattijon. Allah ne Ya san ko ya wadatar. Mu dai mun dawo muna hira kamar 'yan'uwa, har ya riga ni gidan gaskiya.

Har yau ban san ko ya kamata in danna maɓallin nan ba, kuma na daina wahalar da kaina a kansa. Abin da na tabbatar shi ne laifina na gaske ba a cikin mota na yi shi ba. A bakin a-kori-kura na yi shi, lokacin da Yaya ya ce in biyo su gida na ce ina da aiki. Da na bi shi a yammacin nan na faɗa masa abin da na gani, da washegari mun tarar da dattijon da ransa. Abin da na koya ke nan: in ka ga ɗan'uwanka ya zame, ka rufa masa asiri a gaban jama'a, amma kada rana ta faɗi ba ka same shi shi kaɗai ka gaya masa gaskiya ba. Shirun da na ɗauka tausayi ne, tsoro ne kawai, kuma ya ci mana shekara bakwai da haƙƙin wani bawan Allah da ba mu sake samun damar mayarwa ba.