Tafintan Yaya Lawal

Bana shekara talatin da shida ke nan da motar kasuwar Kurfi ta kife da yayana Lawal. Har yau in na ga kwamfuta sai zuciyata ta sosu.

Ma'aikaci ne a wani aikin noman rani kusa da madatsar ruwa ta Zobe. Turawan da suka haƙa magudanan sun bar wata manhaja mai raba wa manoma ranakun ban ruwa, ba sani ba sabo. Da tsohuwar kwamfutar ta mutu, aka kawo sabuwa mai tsari daban, manhajar ta ƙi tashi a cikinta. Lawal ya yi ta fafutuka har ya samo wani baƙin faifai mai laushi. In aka sa shi da safe sai ya shiga tsakani, tsohuwar manhajar ta zaci a gidanta take. Ya raɗa masa suna Tafinta. Aikin da nawa kamar hawainiya, amma da babu gara ba daɗi.

Faifan guda ne tak, ba ya kwafuwa. Don gudun ƙura, ya sa baduku ya ɗinka masa jaka ta jar fata, yana ajiye ta a akwatinsa.

Ina makaranta a Zariya aka yi rasuwar. Kafin in iso gida Dutsin-Ma, Baffa Sule, ƙanen mahaifinmu, ya buɗe akwatin ya ga abu cikin jar fata.

"Subhanallahi! Ashe yaron nan laya yake riƙewa? Kada ta zame masa nauyi a kabari."

Ya jefa ta wuta yana hawaye. Don ƙauna ya yi, shi ya sa har ya bar duniya ban gaya masa abin da ya ƙona ba.

Da rani ya zo, rabon ruwa ya koma hannun mutane. Na bakin magudana suka sha suka ƙoshi, albasar na ƙarshe ta bushe. An fasa kawuna, maƙwabta sun daina gaisawa. Wallahi har yanzu abin na ci mini rai.

Yau 'yata kyauta take sauke irin wannan tafinta, ta buɗe manhajar wani tsari a kwamfutarta tana cin gyaɗa. Me za ka ce, Yaya? Na san dariya za ka yi, sannan ka tambaya ko ruwa na kai wa na ƙarshe. Sai dai in ce maka yashi ya cike magudanar.

Bara na haɗu da Malam Iro, wanda gonarsa ke can ƙarshen magudanar. Ya riƙe hannuna ya ce, "A zamanin yayanka kaɗai na taɓa yin ban ruwa ban roƙi kowa ba."

Allah Ya jiƙan ka, Yaya.